Wa zai zama waliyyin mutum-mutumi? Amsa ga ƙanwata mai rubuta soyayyar kimiyya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun ranar Laraba, makin jarabawar yara ne ya sha min kai shi yasa sai yau na samu zama. Kin ce kin fara rubuta labarin soyayya da zai faru a shekara ta 2090, jarumin injiniya ne da ya kamu da son mutum-mutumi mace da ya ƙera da hannunsa, akwai kuma tafiya duniyar Mas a cikin kumbo, amma ƙawayenki biyu da kika ba su feji goma na farko sun ce miki ba mai karantawa, Hausawa ba sa son irin wannan, ki koma kan kishiya da uwar miji kawai. Kina tambaya wai da gaske ne masu karatunmu ba sa so, in kuma ba sa so to me yasa.

Toh bari in faɗa miki abin da idona ya gani. Ni fiziks nake koyarwa a makarantar 'yanmata nan Zariya shekara goma sha tara kenan, kuma tun kafin in fara aiki nake ba da hayar littattafan Hausa a gidanmu a Tudun Jukun, akwatin ƙarfe biyu cike taf, yara na zuwa da saƙon iyayensu mata su karɓi na ɗaya su dawo da na biyu, daga baya da harkar ta koma waya sai marubuta suka fara turo min rubutunsu in duba musu kafin su saki. Irin labarin da kike magana ya biyo ta hannuna ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, na ga wanda aka karɓa na ga wanda aka watsar tun a babi na uku. Ƙawayenki sun faɗi wani ɓangare na gaskiya, amma dalilin da suka bayar ba shi ba ne.

Duk wanda ya ce miki labarin kimiyya baƙo ne a Hausa bai san tarihin garin da kike zaune ciki ba. Nan Zariya aka raini ƙagaggen labarin Hausa na boko, gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Hukumar Talifi ita ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki. A 1969 kuma, shekarar da Amurkawa suka taka wata, kamfanin NNPC na nan garin, na buga littattafai nake nufi ba na man fetur ba, ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wata halitta daga sama ta yi yawon sararin samaniya da shi. Shekara goma sha ɗaya bayan nan, a 1980, kamfanin dai ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin yarinya Bafulatana da ta zaɓi wanda ba ɗan ƙabilarta ba. Kinga kenan reshe biyun duk gida ɗaya suka fito, na soyayyar ya yi ganye ya yi rassa har ya cika kasuwar Kano, na kimiyyar kuma ya rasa masu ba shi ruwa. Kuma fa garin nan ne yara suke tashi suna ganin ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi a saman Palladan da Samaru, garin nan ne yake da injin nukiliya na bincike a cibiyar makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004. Don haka ni ban yarda a ce ƙwaƙwalwar mai karatunmu ba za ta ɗauki kumbo ba.

Abin da aka fi faɗa min in an dawo da irin wannan labari shi ne, Malama ƙarya ta yi yawa. Da farko abin yana ɗaure min kai, don matar da ta faɗi haka ita ce jiya ta gama littafin da saurayi ɗan shekara ashirin da takwas yake da jirgin sama na kansa da kamfanoni a Dubai, ita ce kuma ba ta barin labarin aljanin da ya kamu da son bil'adama ya wuce ta. Sai da na daɗe ina sauraronsu sannan na gane ba girman abin mamakin suke kira ƙarya ba. Aljani ta san dokarsa tun tana goye. Ta san inda ake cewa yana zama, juji da banɗaki da gindin tsamiya, ta san ba a barin yara a waje da almuru, ta san bismillah da ayatul kursiyyu suna tsare mutum, ta san in abu ya ƙi ana kiran mai ruƙiyya. Wato tun kafin marubuciya ta ce komai mai karatu ta riga ta san abin da wannan halitta za ta iya da abin da ba za ta iya ba, shi yasa gabanta yake faɗuwa in jarumar ta shiga wanka da magariba ba addu'a. Amma kumbo da mutum-mutumi ba wanda ya gaya mata dokarsu, marubutanmu kuma ba sa kafa musu doka, duk sanda jarumi ya shiga uku sai kawai ya danna wani maɓalli matsala ta wuce, a babi na biyar na'urar ba ta iya buɗe ƙofa a babi na tara ta tayar da gari guda. To ina faɗuwar gaba a nan? In komai zai yiwu ai ba abin da za a ji tsoro, in ba tsoro kuma ba dalilin buɗe feji na gaba. Wannan shi ne ƙaryar da suke nufi.

Amma babbar matsalar ba ma ita ba ce, kuma ita ce ta shafi naki labarin kai tsaye. Shekarun baya wata marubuciya ta turo min labari irin naki sak, injiniya da mutum-mutumi mace, wallahi rubutun ya yi kyau, Hausarta tsaf, ni kaina na ji daɗinsa. Na je unguwar Kongo nan Zariya na sa aka buga min shi a takarda na ba maƙwabciyata Hajiya mai ƙuli-ƙuli, wadda tun zamanin akwatin ƙarfe ba littafin da ya shigo gidana bai bi ta hannunta ba. Kwana uku sai ga ta da takardun a cikin leda, ta naɗe kusurwar feji na arba'in, ga shatin yatsanta na man gyaɗa a wajen. Ta zauna bakin tabarma ta ce Malama ni fa nan na tsaya. Ashe yarinyar nan ƙarfe ce? To in ya tashi neman aurenta wurin wa iyayensa za su je, waye waliyyinta, sadakin wa za a miƙa wa, in ya mutu za ta yi masa takaba? Ba wasa take ba ko kaɗan, fuskarta kamar wadda aka yaudara. Ta ce ta zuba wa yarinyar tausayi har feji arba'in tana jiran ranar da za a kai ta ɗakinta, sai ta gane ba ranar.

Daga ranar na fahimci yadda mai karatun Hausa take karanta soyayya. Tun daga shafin farko lissafin aure take yi. Su waye iyayensa, su waye nata, me zai hana, wa zai hana, yaushe za a kai gaisuwa, za a haihu ko ba za a haihu ba. Soyayyar da ba ta da hanyar zuwa ɗaurin aure a wurinta ba labarin soyayya ba ne, ko dai labarin ban tausayi ne ko na gargaɗi, kuma za ta iya karanta shi a haka in kin gaya mata gaskiya tun farko, abin da ba za ta yafe ba shi ne ki ja ta da sunan soyayya ki kai ta inda ba aure. Ki duba fim ɗin Indiyan nan na 2010 da Rajinikanth ya fito a mutum-mutumi Chitti, yara da manya sun kalle shi a garin nan ba wanda ya ce ƙarya ta yi yawa, alhali mutum-mutumin son budurwar wanda ya ƙera shi ya kama shi. Me yasa aka karɓa? Don son nasa fitina ce a cikin labarin, shi ne abin da ya shiga tsakanin mutum biyu, yarinyar kuma ta ɗan'adam ce tun farko har ƙarshe. Ko Frankenstein na Mary Shelley da ya fito a 1818, wanda da yawa suke ɗauka shi ne mafarin irin wannan adabi, abin da halittar ta roƙi wanda ya haɗa ta shi ne ya yi mata abokiyar zama, da ya hana ta sai ta kashe masa amarya a daren aurensa. Tun tushe kenan maganar kaɗaici da aure tana cikin labarin kimiyya, ba cusa ta ake ba.

A ƙasashen Turawa ma ba wai kan masu karatu a haɗe yake ba. Masu son zallar kimiyya sun daɗe suna ƙorafin soyayya tana ɓata musu labari, masu karanta soyayya kuma suna da sharaɗinsu da ba sa sassautawa, dole a ƙare masoyan suna tare cikin farin ciki, in ba haka ba ba sa kiran littafin na soyayya. Bambancinmu da su shi ne wa aka yarda a ƙare tare da shi. Akwai jerin littattafan wata Ba'amurkiya da suka fara fitowa a 2015 suka zo suka yi tashe a TikTok a 2021, matan duniyarmu da wasu dogayen halittu shuɗɗa a wata duniyar ƙanƙara, cike da batsa, kuma sun sayu sosai a can. Na ga masu ƙoƙarin kwaso wannan salon su juye shi a Hausa, ni dai shawarata kar ki bi. Za ki samu masu karantawa a ɓoye, amma ba wadda za ta miƙa wa ƙanwarta ko 'yarta, littafin Hausa kuma da miƙawa yake rayuwa, daga hannun wannan zuwa hannun waccan, haka yake tun zamanin haya har yau da ake tura shi a WhatsApp.

To me ke aiki? Ki bar masoyanki su zama mutane biyu masu iyaye da dangi, ki ɗauki kimiyyar ki ajiye ta a kujerar da uwar miji ko talauci ko auren dole suka saba zama. Ita za ta zama abin da ya raba su. Kuma in kin yi haka za ki sha mamaki, don kimiyyar gaskiya ta fi duk muguwar kishiyar da aka taɓa rubutawa iya raba masoya.

Bari in ba ki abin da ya faru a ajina. Wata rana mun gama darasi da sauran minti goma, sai na ɗan taɓa musu maganar Albert Einstein ta 1905, cewa lokaci ba gudu ɗaya yake yi wa kowa ba, wanda yake tafiya da saurin da ya kusa na haske agogonsa a hankali yake tafiya in an gwada da na wanda aka bari a gida. Na ce musu ba tatsuniya ba ce, taurarin ɗan'adam na GPS da taswirar wayarku take dogaro da su sai da aka gyara agogonsu bisa lissafin mutumin nan, in ba haka ba da taswirar ta dinga kai mutum wani wuri daban. Sai na yi musu lissafi a allo. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, tauraruwa mafi kusa da mu bayan rana, Proxima Centauri, haskenta shekara 4 da 'yan watanni yake yi kafin ya iso mu. In mutum ya hau kumbo mai gudun kashi 99 cikin 100 na gudun haske ya je ya dawo, shi a jikinsa da agogonsa shekara 1 da wata 2 da 'yan kwanaki ya yi, mu a nan mun yi shekara 8 da rabi. Aji ya yi tsit. Can daga layin baya wata yarinya da ko magana ba ta cika yi ba ta ɗaga hannu ta ce, Malama to matarsa fa, zama za ta yi ta yi? Nan take aji ya kaure, wannan ta ce ta jira shi ai ya ce zai dawo, waccan ta ce shekara takwas ba wasa ba ce iyayenta ba za su yarda ba, wata da ta yi nisa a islamiyya ta ce ai a Risala an ce matar wanda ya ɓace in ta kai ƙara aka bincika ba a same shi ba shekara 4 ake yanka mata sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10 ta yi aure in ta so, wata ta ce ai shi ba ɓata ya yi ba an san inda ya tafi, ta farkon ta ce to in saƙonsa ya daina zuwa fa. An kaɗa ƙararrawar tashi ba wadda ta ɗauki jaka. 'Yanmatan da ake cewa ba sa son labarin kimiyya kenan.

Ki duba abin da ke cikin wannan kawai. Ango ya bar amarya da ciki wata uku, ya dawo yana ganin bara ya tafi, kewarta ɗanya shar a zuciyarsa, ya tarar da yaro ɗan aji uku a firamare da bai san shi ba, ya tarar mahaifiyarsa ta rasu, ita kuma matar ta yi shekara takwas tana amsa tambayar dangi, ƙila ta jira ƙila an sa ta gaba ta yi aure har ta haihu a wani gidan. Ba mugu ko ɗaya a labarin, ba boka ba asiri, amma ki gaya min wacece za ta ajiye wannan littafin. Kuma tunanin mutum ya farka ya tarar zamani ya wuce shi ba baƙo ba ne a kunnen Musulmi, kowa ya san ƙissar As'habul Kahfi da shekara 309 ɗinsu, ba wai ina haɗa ayar Allah da lissafin fiziks ba ne, ina nufin zuciyar mai karatunki ta riga ta san wannan ciwon. Inda ake samun tirjiya shi ne komawa baya, jarumi ya koma jiya ya hana mutuwar masoyiyarsa. Wannan kam duk wadda na ba wa sai ta ce an taɓa ƙaddara, kuma ko a kimiyyance ba wanda ya nuna ana komawa, gaba ce kawai lissafi ya tabbatar. Haka ma labarin mijin da matarsa ta rasu ya sa aka kwafo masa ita daga ƙwayar halittarta, ba ya shiga, kuma ma kuskure ne, don tunkiyar nan Dolly da aka kwafo ta haka aka haifa a 1996, jaririya aka haife ta kamar kowace tunkiya, wadda aka kwafo tagwaiyar ta farko ce kawai, ba ta zuwa da tunaninta ko soyayyarta.

Tunda Mas kika zaɓa, ga kayan aiki nan zube. Saƙo tsakaninmu da can yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, ya danganta da inda duniyoyin biyu suke, don haka ba hirar waya, in ya yi sallama zai iya jiran minti arba'in da wani abu kafin ya ji amsa, ki yi tunanin zance a haka, ki yi tunanin faɗa a haka, ta faɗi baƙar magana ta yi nadama tun kafin ta isa kunnensa kuma ba halin janyewa. Hanyar tafiya kusan duk wata 26 take buɗewa, tafiyar kanta wajen wata bakwai ce, in ya rasa kumbon bana ko an sa rana sai dai a ɗaga. Akwai kuma lokacin da rana take shiga tsakani sadarwa ta tsaya wajen sati biyu. Shekarar can kwana 687 ce. Wata biyu ƙanana gare su a sama, ɗayan ma daga yamma yake fitowa ya faɗi gabas, to da wane za a ɗauki azumi, da wane watan mace za ta ƙirga takaba? Faɗuwar ranarsu kuma shuɗi-shuɗi ce. Duk wannan gaskiya ne ba sai kin ƙirƙiro komai ba.

Maganar azumin nan kar ki tsallake ta, don wani abin da yake kashe wa masu karatunmu gwiwa shi ne su ga an tafi shekara ta 2090 an bar addini a baya, jarumai sunansu na Musulmi amma littafi ya ƙare ba wanda ya yi alwala. Sai mai karatu ta ji kamar ana ce mata nan gaba ba ita a duniyar. Alhali abin ya riga ya faru a zahiri, a watan Oktoban 2007 Sheikh Muszaphar Shukor ɗan Maleshiya ya je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a ƙarshen watan Ramadan, tashar kuma sau 16 take zagaya duniya a kwana ɗaya, rana ta fito ta faɗi duk bayan awa ɗaya da rabi, sai da malaman ƙasarsa suka zauna suka rubuta masa yadda zai yi da lokutan salla da alƙibla da azumi. In jarumarki ta tsaya tana neman inda za ta fuskanta ta yi salla alhali Ka'aba tana cikin wani ɗan ɗigo mai haske a sama, wallahi kin gama kama zuciyar Hajiya. Amma dan Allah duk inda hukunci ya shigo kar ki yanke da kanki, garin malamai kike, ki sa a raka ki zauren wani cikin birni ki yi tambaya.

Ba ma sai kin bar ƙasa ba fa. A yau ɗin nan wace kimiyya ce ta fi raba masoya a Zariya? Gwajin jini. Shekara uku ana soyayya, an kai kuɗin gaisuwa, takarda ta fito shi AS ita AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, shikenan a zauna ana kuka gida biyu. Na ga wannan a danginmu, na ga ɗalibaina da ya faɗa musu. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin sikila na farko da ake yi ta hanyar gyaran ƙwayar halitta, Casgevy, kuɗin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2, kuma shi mai ciwon yake yi wa aiki, ba ya canja abin da zai gadar wa 'ya'yansa. To ki ɗauko wannan ki kai shi Zariyar shekara arba'in masu zuwa, magani ya iso amma sai mai hali, saurayi ya ɗauki aikin shekara shida a wata duniyar don ya tara kuɗin, ko iyaye sun rabu biyu kan a yi auren tunda akwai magani ko kar a yi. Wannan labarin kimiyya ne cikakke, kuma ba macen da za ta ce miki ƙarya ta yi yawa.

Akwai wasu masu karatun daban da ya kamata ki sani, yawanci samari ne da 'yanmata masu karatun injiniya ko likitanci a Samaru da Shika, su ba aure suke ƙirgawa ba kuskure suke farauta. Ɗan yayata yana cikinsu, na taɓa ba shi wani labari ya dawo min da shi yana cewa Anti ya za a yi iska ta kaɗa mayafinta a kan wata alhali ba iska a can, ya kuma za a yi ta ji ƙarar fashewar kumbonsa daga nesa alhali sauti ba ya tafiya inda ba iska. Gaskiyarsa ne. Ba su da yawa amma bakinsu yana da kaifi, kuma su ne za su tallata ki in kin yi daidai. Abin daɗin shi ne gaskiyar ta fi kuskuren kyau. A cikin kumbo inda ba nauyi hawaye ba ya gangarowa, taruwa yake ya dunƙule a kan ido har sai an share. Shekara nawa muna karanta hawaye na bin kuncinta, ke ga ki da jarumar da take kuka hawayen ya ƙi zuba.

Sai harshe. Kar ki cika feji uku da bayanin yadda inji yake aiki da kalmomin Turanci jere, tsallakewa ake yi, wadda ta tsallake sau biyu kuma a na uku ajiyewa take. Rediyo ta riga ta ba mu kumbo da ɗan sama jannati da tauraron ɗan'adam da na'ura mai ƙwaƙwalwa, yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, kowa ya san su. Dokar labarinki guda ɗaya ko biyu ce, ki sa ta a bakin mutane, kakar yarinyar ta tambaya wai shi yaron nan me ya hana shi kiran waya kamar kowa, jikarta ta yi mata bayani a layi biyu, an wuce wurin, kuma daga nan kar ki karya dokar ko da jarumarki za ta mutu.

Mutum-mutuminki kuma ban ce ki jefar da ita ba, kujera za ki canja mata. Ki mai da ita 'yar aike, irin ƙanwar budurwar nan da ake aikawa ta kira yayarta zance, wadda ta san sirrin kowa. Ita ke riƙe da muryar yarinyar da saƙonninta a tsawon tafiyar, ita ke karanta masa su, har ya fara rikicewa ko yarinyar yake so ko muryar da ke kusa da shi, ita kuma ta ainihin tana Tudun Wada tana jin saƙonsa yana raguwa ba ta san da wa take kishi ba. Kinga kin samu kishiyar da ƙawayenki suke nema ba tare da kin bar kumbonki ba, injiniyanki ma bai rasa jarabawarsa ba, kuma akwai waliyyi akwai sadaki a ƙarshen hanya.

In kin gyara ki turo min babi uku na farko. Zan ba ɗan yayata ya duba lissafin, sannan in buga su a takarda in kai wa Hajiya, don ita har yau ba ta karatu a waya, idonta ba ya jure hasken.